Ƙarin da ake sa wa cimakar bisashe: yadda ake auna shi, yadda ake haɗa shi, da abin da doka ta ce



Daga tsakiyar rani har zuwa faɗuwar ruwan farko, ciyawar daji ta bushe ta zama kara, cika ciki kawai take yi. Lokacin ne kowa yake komawa ga buhu: dusar alkama, ƙuli-ƙulin gujiya, ƙulin angurya, ƙowar wake. Yanzu kuma ƙungiyoyi da dama a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa sun samu injin niƙa kara, suna haɗa cimaka da kansu, suna buga dutsen lasa, suna sayar wa membobinsu. Wannan ci gaba ne. Sai dai ranar da ƙungiya ta fara zuba wani gari cikin dusa tana sayarwa, ta zama masana'anta, ko da a ƙarƙashin rumfa take aiki. Alhakin duk dabbar da ta ci wannan haɗi yana wuyanta.

Darasinmu na yau a kan waɗannan ƴan ƙananan abubuwa ne da ake ƙarawa. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, kuma abin da nake so ku riƙe shi ne: dusa da harawa ana iya auna su da tiya ko da ido, amma ƙari da giram ake auna shi, a kan sikeli. Tsakanin adadin da yake amfanar dabba da adadin da yake kashe ta babu nisa.

Mene ne ƙari?

Ƙari shi ne abin da ake sa wa cimaka kaɗan, ba don ya cika ciki ba, sai don ya yi wani aiki na musamman. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san kanwa, sun san kantun gishirin Bilma, kuma har yau garkuna suna haurawa Ingal a ƙarshen damina don lasar gishiri. Abin da ya canza shi ne ƙarfin kayan da ke kasuwa yanzu. Dabba tana lasar kanwa gwargwadon buƙatarta ta bari. Garin da aka cuɗa mata cikin dusa kuwa ba ta da zaɓi, duk abin da ka zuba shi za ta haɗiye.

Za mu iya kasa ƙari gida 4. Na farko, masu cike giɓin abinci: gishiri, farar ƙasa, sinadarin fosfat, bitamin, da ure. Garin haɗin bitamin da ma'adinai shi ne wanda za ku ga an rubuta CMV ko «prémix» a jikin ledarsa. Na biyu, masu kare cimakar kanta: masu hana fumfuna, masu hana mai ya yi ɗoyi, da masu riƙe dutsen lasa kada ya farfashe, kamar siminti ko ƙaro. Na uku, masu sa dabba ta ji daɗin ci ko ta narkar da abinci da kyau. Na huɗu, magunguna: maganin ƙwayoyin cuta da maganin zawon jini na kaji. Wannan rukuni na huɗu ba kayan ƙungiya ba ne, kayan likita ne. Za mu dawo kansa.

Ure: mai amfani, mai saurin kisa

Ure shi ne farin takin zamani mai ƙwaya-ƙwaya da muke sa wa hatsi da dawa. Saniya, tunkiya da akuya suna iya amfana da shi saboda tumbinsu cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Idan ure ya shiga tumbi yakan rikiɗa ya zama amoniya, sai waɗannan halittu su yi amfani da ita su hayayyafa, su narkar da busasshen kara da kyau, daga baya su ma dabbar ta narkar da su ta samu sinadarin gina jiki. Shi ya sa dabbar da ke samun ɗan ure a rani take cin kara da yawa, kuma ba ta saurin ramewa.

Haɗarin yana wurin sauri. Idan ure ya shiga da yawa a lokaci ɗaya, amoniyar ta fi ƙarfin halittun tumbi, sai ta ratsa cikin jini, hanta ta kasa tace ta. Rabin giram a kan kowane kilo na nauyin dabba yana iya sa ta ciwo, giram 1 zuwa 1 da rabi yana iya kashe ta. Mu yi lissafi da ragon turka mai kilo 40: giram 40 na ure, wato kamar cikin babban cokali 4, ya isa ya kwantar da shi har lahira. Wannan ragon, abin da ya dace da shi a yini bai wuce giram 10 zuwa 15 ba, shi ma a rarrabe, ba a ci ɗaya ba. Ƙa'idar ita ce kada ure ya wuce kashi 1 cikin 100 na dukan abin da dabba take ci a rana.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyoyi ita ce kada ku barbaɗa ure kai tsaye cikin dusa ku sayar. Ba ku san yawan da mai saye zai ba dabbarsa ba, ba ku san ko tana cikin yunwa ba. Hanyoyi 2 ne masu aminci.

Hanya ta farko ita ce jiƙa kara ko busasshiyar ciyawa. A narkar da ure kilo 5 cikin ruwa lita 50, wato bido 2 masu lita 25, don kara kilo 100 da aka sassara. A shimfiɗa karan hawa-hawa cikin rami ko rumbun laka, kowane hawa a yayyafa masa ruwan ko'ina, a tattake shi sosai, sannan a rufe ruf da leda mai kauri ko a yaɓe da laka, kada iska ta shiga. Bayan mako 3 sai a buɗe ta gefe ɗaya. Wanda ya yi kyau za ku ga ya yi laushi, ya yi duhu-duhu, yana warin amoniya mai shiga hanci, babu fumfuna. A ɗebi na gobe tun yau a baza shi a inuwa warin ya fita, a mayar da murfin. Wannan aiki yana kusan ninka sinadarin gina jikin da ke cikin kara. Ragowar ruwan da ke cikin bokiti kuma a zubar da shi inda dabba ba ta kaiwa, domin shi ne ya fi kowane abu kisa.

Hanya ta biyu ita ce dutsen lasa mai ure, wanda yawanci ure bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba. Amincinsa yana cikin taurinsa: dabba tana lasa kaɗan-kaɗan, ba ta iya gatsa. Idan ka danna shi da babban yatsa ya lotsa, bai bushe ba, kada a fitar da shi. Kada a farfasa shi, kada a daka shi, kada a jiƙa shi cikin ruwan sha, kada a bar shi inda ruwan sama zai taru a ƙarƙashinsa. A makon farko a ajiye shi awa 1 kacal a rana, bayan dabbobi sun ci kara, a riƙa ƙara lokaci har mako 2 zuwa 3. Idan an yanke kwana da kwanaki, sai a sake farawa daga farko.

Ba a ba da ure ga ɗan maraƙi, ɗan tunkiya ko ɗan akuya da bai kai wata 6 ba, domin tumbinsa bai gama ƙosawa ba. Ba a ba doki, jaki ko kaza. Ba a ba dabbar da ta kwana da yunwa ko ta dawo daga doguwar tafiya. Kuma ure kawai ake nufi: takin 15-15-15 da DAP ba sa shiga cimaka.

Alamomin gubar ure suna bayyana da wuri, sau da yawa cikin minti 20 zuwa awa 1: dalala, karkarwar jiki, tangaɗi, numfashi sama-sama, kumburin ciki, sai faɗuwa da shure-shure. Taimakon gaggawa shi ne binegar ta kanti, wadda ake sa wa salak: lita 2 zuwa 4 ga babbar saniya, rabin lita zuwa lita 1 ga rago ko akuya, a bi da ruwa mai sanyi. A ɗura a hankali ta gefen baki, kada a ɗaga kan dabbar sama sosai, kuma kada a ɗura wa wadda ta kasa haɗiya, sai ya tafi huhu. A janye sauran garke daga cimakar, a aika a kira likita nan take. Duk ƙungiyar da ke aiki da ure ta ajiye kwalaben binegar a mangazarta tun kafin ranar buƙata.

Haɗawa: inda aka fi samun matsala

Sau da yawa idan aka kira ni an ce haɗi ya kashe dabba, nakan tarar awon daidai ne, cuɗawar ce ba ta yi ba. An zuba rabin kilo na gari a kan tulin dusa, an juya da shebur sau 2, an ɗura a buhu. Buhu ɗaya ya kwashe kusan duka garin, sauran ba su samu komai ba. Wanda ya sayi na farko ya yi asara, waɗanda suka sayi sauran sun biya kuɗin abin da babu shi.

Ga yadda ake yi. A ce takardar CMV ta ce giram 500 a cikin kilo 100. A auna giram 500 a ƙaramin sikeli, ba da gwangwanin tumatir ba, domin gwangwani ɗaya na gari mai nauyi da na gari marar nauyi ba ɗaya ba ne. A cuɗa shi da dusa kilo 2 cikin roba har launin ya zama ɗaya. A zuba wannan cikin kilo 10 a sake cuɗawa. Daga nan sai a baza sauran kayan a kan daɓen siminti ko tampol, a barbaɗa haɗin a kai, a kwashe tulin da shebur daga wannan gefe zuwa wancan aƙalla sau 4. Don gwaji, a ɗebo tafi-tafi daga wurare 5 na tulin a jera a kan takarda. Idan wani ya fi wani fari ko laushi, a sake juyawa.

Idan ure zai shiga dutsen lasa, a fara narkar da shi cikin ruwa har ƙwaya ko ɗaya ba ta rage ba. Gishiri kuma kashi 1 cikin 100 na haɗin dusa ya isa, kuma duk dabbar da ke cin gishiri dole ta samu ruwan sha wadatacce. A bi ma'aunin da aka koyar yadda yake. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta fitar da tsarin dunƙulen cimaka da ake yi da niƙaƙƙen kara, ƴaƴan gawo, dusa, ƙuli, gishiri da ma'adinai. Kowane kaso an yi masa lissafi. Wanda ya ce bari ya ninka wani abu don dabba ta yi saurin ƙiba, ya fita daga lissafin.

A kula da injin ma. Abin da aka niƙa da safe yakan maƙale a cikinsa ya fito cikin na rana. Idan an niƙa wa mai kaji haɗi mai magani, a share injin, a bi da ƴan kilo na tsurar dusa ko masara a ware su ga kajin, kafin a niƙa na tumaki ko na dawaki.

Kowace dabba da nata

Buhun da aka rubuta don wata dabba ba ya zama na wata don yana da araha. Misali 3 sun ishe mu.

Tunkiya ba ta jure sinadarin jan ƙarfe, wanda ake rubutawa Cu ko «cuivre» a takarda. Saniya da akuya suna buƙatarsa fiye da ita, don haka garin ma'adinai na shanu yana ɗauke da shi da yawa. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar da aka sa wa cimakar tumaki miligiram 15 ne a kilo, ta manyan shanu kuma 30. Idan tunkiya tana cin na shanu, jan ƙarfen yana taruwa a hantarta makonni ko watanni ba tare da alama ba. Rana ɗaya, bayan wahalar tafiya ko jigilar mota zuwa kasuwa, sai ya fashe cikin jini: idanu su yi rawaya, fitsari ya yi baƙi-baƙi kamar shayi, ta mutu cikin kwana 1 ko 2. Masu turkar raguna don Layya su lura da wannan ƙwarai.

Cimakar kajin nama sau da yawa tana ɗauke da maganin zawon jini irin su «monensin» da «salinomycine». Adadin da kaza take ci lafiya yana lalata zuciyar doki, jaki da raƙumi. Kada a ba su ragowar abincin kaji, kada a ɗura hatsinsu a buhun da ba a kakkaɓe ba, kada a bar jaki ya shiga inda ake share kejin kaji.

Angurya da ƙulinta suna da wata guba ta halitta mai suna gosifol. Babbar saniya da babban rago suna iya da ita idan ba a cika ba, amma tana cutar da ƴan maruƙa, ƴan tumaki da kaji.

Maganin ƙwayoyin cuta ba abinci ba ne

A ƙarshen shekarun 1940 aka gano a Amurka cewa idan ana sa wa kaji ɗan maganin ƙwayoyin cuta a abinci kullum, suna saurin girma. Duniya ta rungumi abin shekaru da dama, sannan aka ga illarsa. Ƙwayar cutar da take haɗuwa da ɗan magani kaɗan kullum ba ta mutuwa, sabawa take yi, ta haifi masu taurin kai irinta. Ƙasar Suwidin ta hana wannan ɗabi'a a 1986. Tarayyar Turai ta hana gaba ɗaya daga 1 ga Janairu 2006. Amurka ita ma daga 2017 ta daina yarda a yi amfani da magungunan da ke da muhimmanci ga lafiyar ɗan Adam don ƙibar dabba.

A wurinmu abin yana zuwa ta wata siga. Nakan ga an fasa kafso cikin dusar rago, ko an zuba garin magani mai launin rawaya cikin ruwan kaji tun daga ranar da aka kawo su har ranar sayarwa, wai don rigakafi. Wasu ƴan ledojin da ake sayarwa da sunan bitamin ma, idan ka karanta ƙananan rubutun, za ka ga akwai maganin ƙwayoyin cuta a ciki, kamar «oxytétracycline». Illar hawa 3 ce. Ranar da dabbar ta kamu da ciwon huhu na gaske, allurar da aka saba ba za ta yi aiki ba. Ragowar maganin yana fita cikin nono, nama da ƙwai, ya shiga cikin ƴaƴanmu. Mata masu sayar da nono sun san alamar: madarar saniyar da ke kan magani ba ta yin barci yadda ya kamata, domin maganin ya kashe abin da ke sa ta tsami. Na uku, ƙwayoyin da suka saba da magani suna ratsowa daga dabba zuwa mutum ta kashi, ruwa da hannu. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum sama da miliyan 1 da dubu 200 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi shan wahala.

Ƙa'idar a taƙaice: magani na dabbar da ba ta da lafiya ne, bisa umarnin likita, da cikakken awo, na ƙayyadaddun kwanaki. Bayan an gama akwai kwanakin jira, waɗanda ake rubutawa «délai d'attente» ko «temps d'attente» a jikin kwalba. Kafin su cika ba a yanka dabbar, ba a shan nononta, ba a cin ƙwanta. Kwanakin sun bambanta daga magani zuwa magani, don haka a karanta, ko a sa a karanta maka.

Haka kuma ƙwayoyin sa ƙiba na mutane da wasu ke daka wa ragunan turka, musamman masu sinadarin «dexaméthasone». Suna raunana garkuwar jikin dabba, suna kuma iya sa mai tsohon ciki ta zubar. Ragon da za a kai gaban Allah ranar Layya, iyali da maƙwabta su ci, bai kamata a yi masa wannan algus ba.

Fumfuna: ƙarin da ba wanda ya zuba

Akwai gubar da take shiga cimaka da kanta. Fumfunar da ke kama gujiya, masara da angurya idan sun ji laima da zafi tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin ƙulin gujiya da aka kawo daga Birazil. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu. Tana lalata hanta, tana rage nono da girma, kuma tana jawo sankarar hanta ga mutum. Saniyar da ta ci gurɓataccen ƙuli yau, gobe gubar tana cikin nononta, kuma tafasawa ba ta kashe ta.

Al'adar ware ruɓaɓɓiyar gujiya a ce «ta bisashe ce» ita ce hanyar da gubar take zagayowa ta dawo cikin ƙwaryar fura. Akwai wani garin yumɓu da masana'antu ke sawa don ya kama gubar a cikin hanji. Yana ragewa, amma ba ya mayar da ruɓaɓɓen ƙuli ya zama mai kyau. Kariyar gaskiya tana mangaza: a ɗora buhuna a kan katako, a nisanta su da bango, a gyara rufin kafin damina, wanda ya fara shiga shi ya fara fita. Buhun da ya dunƙule, ya yi kore-kore ko baƙi, ko yake warin rima, a ƙone shi ko a binne.

Abin da doka ta ce

Dokokin cimaka a duniya yawanci bayan asara aka yi su. Cutar haukan shanu da ta ɓulla a Ingila a 1986 ta yaɗu ne ta garin nama da ƙashi da ake sa wa shanu a abinci, kuma ita ta sa ƙasashe da yawa suka hana ciyar da masu tuƙa da ragowar ƴan uwansu. A 2004 hukumar Codex, wadda FAO da OMS suka kafa, ta fitar da ƙa'idar kyakkyawan ciyar da dabbobi. Ginshiƙanta su ne: a yi amfani da ƙarin da aka tantance kawai, a rubuta abin da ke cikin buhu, kuma a iya bin sawun kowane haɗi daga inda ya fito zuwa inda ya tafi.

A Nijar, uwar dokokin kiwo ita ce doka mai lamba 2004-048 ta 30 ga Yuni 2004. A matakin ƙungiyar UEMOA kuma, tun 2006 akwai tsari ɗaya na ba da izinin sayar da maganin dabbobi a ƙasashen ƙungiyar, wato lambar AMM da kuke gani a jikin kwalba, sannan a 2007 aka ƙara ƙa'ida kan lafiyar tsirrai, dabbobi da abinci. Abin da wannan yake nufi gare mu a aikace shi ne: garin da ke ɗauke da magani, magani ne a idon doka ko da cikin dusa za a zuba shi. Wurin sayensa shi ne wurin likitan dabbobi mai izini ko mataimakansa na karkara, ba a kan tabarmar kasuwa cikin rana ba. Kayan da suka shigo daga Najeriya kuma a duba lambar hukumar NAFDAC a jikinsu.

Ma'aikacin gwamnati ba zai iya tsayawa a kan kowane buhu a kowace kasuwa ba. Mai saye da ƙungiyarsa su ne masu binciken farko.

Kafin ku biya kuɗi

A duba abu 6 a jikin buhu ko leda: sunan wanda ya yi da adireshinsa, dabbar da aka yi dominta, jerin abin da ke ciki, musamman ko akwai ure, jan ƙarfe ko magani, adadin da ake sawa, ranar yi da ranar lalacewa, da lambar rukunin da aka yi shi. Garin da aka ƙulla a farar leda babu suna, komai arahar sa, a bar shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bitamin kuma zafi da hasken rana suna kashe shi, don haka ledar da ta yi watanni a rana kuɗin banza ce.

Dusa da ƙuli su ma a gwada su. A zuba tafi ɗaya cikin kofin ruwa a motsa: yashi zai kwanta a ƙasa. A murza a tafin hannu a duba ko akwai ɓuntun shinkafa, ko ƴan fararen ƙwayoyi masu kama da taki.

Ga ƙungiya ko bankin cimakar bisashe, ina ba da shawarar littafi ɗaya da mutum ɗaya mai kula da awo. Kowane haɗi a rubuta kwanan wata, abin da aka sa da nauyinsa, inda aka sayo, da sunayen waɗanda suka saya. A ajiye takardar buhun, a kuma ɗebi kamar rabin kilo na kowane haɗi a ƙulle a leda, a rubuta ranar, a ajiye wata 3. Idan dabbobi suka fara ciwo bayan sabon haɗi, a tsayar da sayarwa, a sanar da duk wanda ya saya a ranar, a kai samfurin ofishin ma'aikatar kiwo mafi kusa don a aika a auna. Wannan littafi shi zai ceci sauran garkunan, shi ne kuma zai wanke ƙungiya idan laifin ba nata ba ne. Ure da magunguna a kulle su daban, nesa da yara da awaki.

Tambayoyi don taronku na gaba

1. Ƙungiyarmu tana da sikelin da ke auna giram? Wa ke riƙe da shi?
2. Idan takarda ta ce giram 500 a kilo 100, giram nawa za mu sa a buhu mai kilo 50? A kilo 300 fa?
3. Dutsen lasar da muke sayarwa yana da ure? Muna faɗa wa mai saye waɗanne dabbobi ne ba a ba su?
4. Garin ma'adinan da muke ba tumaki, na tumaki ne ko na shanu?
5. Idan saniya ta faɗi yau da gubar ure, ina binegar take, kuma wa za mu kira?

Ku tattauna su tare da mataimakin likitan dabbobi na yankinku, ku zo da buhunan da ledojin da kuke amfani da su a karanta su a gaban kowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.